Rahoton Ayyukan Shekara Daga Kwamitin Zartarwa Zuwa Ga Membobi

'Yan'uwa membobi, magatakardan kotu da masu kula da na'urori, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a madadinku cikin shekarar da ta ƙare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zagayen duba ajiyar bayanai. A babban taron bara kun umarce mu da mu leƙa kotunan da membobinmu ke aiki, mu ga ko fayilolin shari'a da ke cikin kwamfuta suna da kwafi a wani wuri. Duk inda muka tambaya amsar ɗaya ce: akwai. Sai muka daina tambaya, muka riƙa zaɓar ƙara guda mu ce a dawo mana da ita daga kwafin, muna tsaye. Nan fa ido ya raina fata. A wani ofishi, faifan ajiyar yana cikin aljihun teburin da kwamfutar ke kai, wato gobarar da za ta ci wannan ita za ta ci wancan. A wani wurin manhajar yin kwafin ta daɗe da tsayawa, kullum tana fito da jan gargaɗi a kusurwar allo, kowa ya zo sai ya rufe shi ya ci gaba da aikinsa. Mun kuma tarar da kalmar sirri a 'yar takarda an manna ta a gefen kwamfuta, duk ma'aikatan ofishin da ita suke shiga. Ranar da aka sauya ranar zama ko wata takarda ta ɓace daga fayil, wa za a kama?

Ba mu ambaci sunan kowace kotu a takardar da muka miƙa wa shugabanni ba, don ba tonon silili ya kai mu ba. Mun nemi kowane ma'aikaci ya samu sunan shiga da kalmar sirrinsa, a ajiye kwafi a wani gini daban, kuma a riƙa gwada dawo da fayil duk bayan wata uku. Mai ganin masu kutse ba ruwansu da kotu ya tuna cewa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta sanar a watan Satumba na 2023 cewa an shiga na'urorinta.

Mun shirya bita kan shigar da ƙara ta intanet, inda muka duba tsarin da Ruwanda ta fara a 2016, da wanda Kenya ta ƙaddamar a Nairobi a watan Yulin 2020. Matsayarmu ba ta canza ba: duk kotun da ta koma intanet ta bar tebur guda da ma'aikaci domin wanda ba shi da lauya, ba shi kuma da wayar zamani. Kan zaman bidiyo kuwa, mun fitar da gajeren jagora. Abin da alƙalai suka fi yabawa a cikinsa ƙarami ne: kafin shaida ya fara magana, ya juya kyamara a ga duk ɗakin, kada ya zama akwai mai yi masa raɗa daga gefe.

Zaman da ya fi ɗaukar hankali shi ne wanda muka yi kan hujjar da ta fito daga kwamfuta, inda muka bi labarin Horizon, manhajar lissafin kuɗi ta hukumar gidan waya a Birtaniya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu sun sha ɗauri, wasu sun sayar da gidajensu don su biya. Kotuna sun karɓi lissafin ne saboda dokar Ingila tana ɗaukar cewa kwamfuta na aiki daidai har sai wani ya kawo hujjar akasin haka, alhali bayanan kurakuran suna hannun masu manhajar, ba hannun wanda ake tuhuma ba. Sai a 2024 majalisar dokoki ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu ne ake tambaya ko na'ura lafiyarta ƙalau a ranar da ta fitar da wata takarda. Shi ya sa muka raba wa rassan ƙungiyarmu littafin rubuta matsala: ranar da na'ura ta tsaya, abin da ya faru, wanda ya gyara, da abin da ya taɓa. Wasu sun ce ƙarin aiki ne. Gaskiya ne, amma ya fi sa hannu a kan abin da ba ka iya tunawa.

Batun ƙirƙirarriyar basira ya raba kan membobi, kuma har yanzu bai haɗu ba. Masu ɗari-ɗari sun kawo misalin lauyoyin da wata kotun tarayya a New York ta ci tarar dala 5,000 a 2023, bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen bogi da manhajar ChatGPT ta ƙirƙiro. Masu goyon baya sun ce tana rage wahalar rubuta bayanan zama. Abu ɗaya kawai aka amince: kada kowa ya zuba fayil ɗin da kotu ta rufe, ko sunan yaro, ko na shaidar da ake ɓoyewa, cikin manhajar da ba ta kotu ba.

Abin da bai kammala ba shi ne samfurin yarjejeniyar kwangila tsakanin kotu da masu samar mata da manhaja. Muna so a rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan shari'a mallakar kotu ne, kuma idan kwangila ta ƙare ɗan kwangila zai miƙa su a tsarin da wata manhajar za ta iya buɗewa. Daftarin yana hannun ƙaramin kwamiti, za a kawo muku shi a babban taro.

Ma'aji zai gabatar da rahoton kuɗi daban, tare da sunayen rassan da ake bi bashin kuɗin ƙungiya. Muna roƙon kowane reshe ya zo da littafinsa na rubuta matsala, ko da shafi ɗaya aka cika, domin da su za mu tsara bitar baɗi.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.