Koken Masu Ƙananan Sana'o'i Kan Shara Mai Guba a Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagacin garinmu da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu ne masu gyaran babura da injinan ban ruwa, da masu cajin batir da haɗa sola, da masu sayar da maganin ƙwari da na ciyawa, da marina, da masu kemis na wannan gari da ƙauyukansa, a yankin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga. Mun kawo kukanmu gabanka ne a kan sharar da sana'o'inmu ke fitarwa, wadda ba irin ta gida ba ce da za a kai juji ta ruɓe ta zama taki, domin guba ce a cikinta, kuma har yau ba mu da inda za mu kai ta.

Duk wanda ya bi ta layin makanikai zai ga ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Idan aka juye baƙin mai, kaɗan ne masu shafa wa katako don maganin gara suke saye, sauran a kwata yake ƙarewa, kuma da zarar an yi ruwan farko sai ya gangara kududdufi da hanyoyin ruwan da shanu ke sha, waɗanda da su ake ban ruwan tumatir da shinkafa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne batir. Tun da sola ta shigo ƙauyuka, matattun batura suka yawaita a shagunanmu, kuma 'yan gwangwan ne kaɗai masu sayensu. Wasunsu a bayan kasuwa suke fasa su da gatari, su tsiyaye ruwan batir a ƙasa, su narka dalmar a buɗaɗɗen wuri, yara na tsaye suna kallo, wasu ma su ne ke taya su tsince-tsince. Fiye da rabin nauyin batir irin na mota dalma ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta da ba ya cutar da jiki, musamman ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, wadda idan ta taɓu ba ta komawa daidai. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400. A can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ƙurar ta fito, a nan kuwa daga batir take fitowa, amma dalmar ɗaya ce.

Haka kuma robobin maganin feshi. Manomi zai gama feshi ya jefar da roba a bakin gona, ko ya kai gida a wanke da sabulu a riƙa zuba man gyaɗa ko ruwan sha, alhali wanki irin wannan ba ya raba roba da guba. Abin da masana aikin gona ke koyarwa shi ne a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan a cikin injin feshi, sannan a huda ta yadda ba za ta ƙara amfanuwa ba, to amma ko an huda, ina za a kai ta? Masu kemis ma suna tara allurai da sirinji da magungunan da wa'adinsu ya ƙare, marina kuma ruwan soda da sinadarin rini a lambatu suke zubarwa.

Ranka ya daɗe, mun san akwai doka. Tun 1988, bayan sharar gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, gwamnatin tarayya ta haramta zubar da irin wannan shara, an kuma kafa hukumar NESREA a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, sannan jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sai dai a ganinmu, cin tara kaɗai ba zai raba mu da wannan masifa ba. Manyan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suna da ƙarfin ɗaukar ƙwararru, amma mai gyaran babur da ke samun na cefane da ƙyar, idan aka ci shi tara ba tare da an nuna masa wurin zubarwa ba, da daddare zai zubar, inda ba mai ganinsa.

Saboda haka muna roƙonka da ka isar da kukanmu ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, a ware mana fili nesa da rijiyoyi da hanyar ruwa, a kewaye shi, a yi masa daɓen siminti da rumfa, a ajiye durom na baƙin mai daban, wurin batura daban, na robobin feshi daban, kuma a sa ranar da mota za ta riƙa zuwa kwashewa. Muna roƙon a haɗa mu da kamfanonin da gwamnati ta amince su sake sarrafa batir da mai, domin idan mai shago zai sami kuɗin da ya kai na ɗan gwangwan, ba zai sayar wa mai fasawa ba. Masu kemis a ba su kwalin zuba allurai, a kuma yarda su riƙa miƙa shi ga asibitin da ke da wurin ƙonawa. Muna kuma son duba-gari da malaman gona su zauna da mu su koya mana da Hausa, a haɗa da 'yan gwangwan, domin su ma abincinsu suke nema.

A namu ɓangaren, mun amince kowace sana'a ta fitar da wakili, mu riƙa tara ɗan abin da za a biya mai gadin wurin, kuma duk wanda ya zubar a kwata bayan an samar da wuri, mu da kanmu za mu kai sunansa ga mai unguwa. Muna fatan za ka sa mana ranar zama a fadarka kafin damina ta faɗi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara.

Naka masu biyayya,
Wakilan masu ƙananan sana'o'i na gari da ƙauyukansa.