Zuwa ga mutumina a Malesiya

Tudun Wada, Zariya.

Mutumina Bakano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya karatu, ya baƙunta, ya ruwan saman nan naku da ka ce ba ya ɗaukewa? Saƙonka na murya ya iso. Yau rubutu na zaɓa, domin abin da ke cina ba zai shiga saƙon minti biyu ba.

Autan Iya mai ƙosai ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi dai wanda ka sani, golan yaran layinmu, wanda ka cika wa kuɗin jarrabawa shekarar da za ka tafi. Ka san ya samu shiga soja, ya yi wata shidansa a Daffo, inda ake horar da kuratan soja, nan Sabon Gari. Ranar da aka yaye su har da ni a 'yan rakiya. Iya ta ɗinka sabuwar atamfa, ta cika kula da ƙosai, wai yaronta ya rame. Da suka fito fareti duk kai a aske, kaki iri ɗaya, ta kasa gane shi, sai da ya zo ya durƙusa a gabanta. Daga nan aka tura su Arewa maso Gabas. Kwanton ɓauna aka yi musu a hanya, kuma can aka yi masa sutura. Ya bar mata da goyo.

Wani abokin aikinsa ne ya kawo jakarsa bayan sadakar uku. A gabana yayansa ya zuge ta a zaure: kaki kala biyu, silifas, waya mai fasasshen gilashi an ɗaure ta da kyauro, ɗan ƙaramin Alƙur'ani, da wani littafi da yake rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi. Akwai naira dubu huɗu na mai shagon bakin masallaci a ciki. Mai shago ya ce ya yafe, yana faɗa yana share ido da hannun riga. Iya kuwa ba ta ce uffan ba. Bayan kwana bakwai ta mayar da kaskonta kan wuta, tunda bakin da za a ciyar ƙaruwa ya yi.

To a cikin wannan makon ne muna zaune wurin mai shayi da daddare, ya kunna shirin siyasa. Ana ta rigimar kasafin kuɗi. Wani na ɓangaren gwamnati ya ce duk wanda ya kawo cikas wajen amincewa da kuɗin tsaro, jinin sojojin da aka kashe yana wuyansa. Aka ba na adawa dama, shi kuma ya ce mutuwar sojojin nan ita ce shaidar cewa gwamnati ta gaza, kada a ƙara mata ko kwabo. Kowanne ya faɗi adadin mamatan, adadin ma bai zo ɗaya ba. Daga nan sojojin baka suka karɓa, ana ihu ana kirari, ana jefa wa juna habaici. Yayan marigayin yana zaune a ƙarshen benci. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya yi mana sallama ya tafi. Wallahi tun daren nan raina yake tafasa.

Kada ka ɗauka ina ƙin a yi gardama a kan kasafi. Aikin majalisa ke nan, tsarin mulki ma ya ce ba a taɓa kuɗin gwamnati sai da amincewarta. Ina son a yi gardamar, a tsawaita ta ma. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko gawa a toshe bakin mai tambaya da ita, ko a ɗauko ta a jefi abokin hamayya. Mai neman kuɗi yana nuna gawar don kada a tambaye shi ina na bara. Mai adawa yana nuna ta don a ce ya yi magana, gobe a buga a jarida. A cikin su biyun da ka tsayar da ɗaya ka ce ya faɗi sunan soja guda cikin waɗanda yake kuka a kansu, ko garinsu, ko 'ya'ya nawa ya bari, da ka ga inda-inda.

Kuma ai ba yau aka fara ba, kai ma shaida ne. Ka tuna 2014, lokacin da Jonathan ya nemi majalisa ta amince masa ya ciyo bashin dala biliyan 1 don sayen makamai? 'Yan APC suna adawa a lokacin, suka ce kuɗin zaɓe ake nema da sunan tsaro, masu mulki kuma suka ce duk mai ja da bashin ba ya tausayin sojojin da ke mutuwa. A watan Disambar shekarar kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi, su kuwa kukansu shi ne ba a ba su kayan faɗa ba. Sai a ƙarshen 2015 aka sassauta musu zuwa ɗaurin shekara goma, a daidai lokacin da aka kama Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na makamai. Shekara huɗu yana tsare, aka sake shi a Disambar 2019. Ni talaka har yau ban ga takardar da ta ce ga abin da aka saya, ga abin da ya ɓata, ga wanda ya biya ba.

Sai kujera ta juya. Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur don yaƙi da Boko Haram. Kuɗi iri ɗaya, dalili iri ɗaya. Sai ga PDP da Fayose, gwamnan Ekiti na lokacin, suna maimaita abin da APC ta faɗa a 2014, APC kuma tana ba su amsar da aka ba ta a wancan lokacin. A Afrilun 2018 aka gano Buhari ya riga ya biya Amurka dala miliyan 496 na jiragen Super Tucano 12 kafin majalisa ta amince, har wasu sanatoci suka fara zancen tsigewa. Jiragen ba su fara isowa ba sai Yulin 2021. Tsakanin biya da isowa kuwa aka yi Metele.

Metele ce ta fi tsaya min a rai, don ita ce ta nuna min abin tsirara. Ranar 18 ga Nuwamban 2018 aka afka wa sansanin bataliya ta 157 a can arewacin Borno, saura wata uku zaɓe. Aka yi kwanaki hukuma ba ta ce komai ba. Daga baya rundunar soja ta ce 23 ne suka rasu, wasu jaridu kuma suka ce sun kai ɗari ko sun haura. Majalisar dattawa ta ɗage zamanta don juyayi. 'Yan adawa suna ɗaga adadin sama suna tambayar ina dala biliyan ɗaya, masu mulki suna danne shi ƙasa suna cewa ana siyasa da jinin soja. Tambayar 'yan adawa gaskiya ce, ƙorafin masu mulki ma akwai gaskiya a ciki, amma da aka yi zaɓe duk suka watsar. Ka yi tunanin matar da ke zaune a Basawa ko a barikin Chindit a kwanakin nan, waya a hannu, lambar mijinta ba ta shiga, ta kunna rediyo ta ji ana cinikin adadi, ba ta san ko yana cikin 23 ɗin ba ko yana cikin waɗanda ba a ƙirga ba.

Na san yanzu ka gyara zaman tabarau kana cewa Bazazzagi ya fara lacca. To ai gara mu, ilimi muka gada. Ku Kanawa da an ce biliyan sai kunnenku ya miƙe, kuna lissafin buhun shinkafa nawa zai sayo a kasuwar Singa. Af, na tuna, Tela ya ƙara aure! Bazawara ce daga Gyallesu, uwargidansa ta yi yaji kwana biyu ta dawo da kanta. Ya ce in gaya maka shaddarka tana nan ya yanka, ɗinki ne kawai ya rage, kamar yadda ya faɗa maka bara. Ladan kuma an yi masa aikin ido a Shika, ya warke sarai, har yana gane masu gudu daga sahun Asuba. Masara ta ɗan sauko, amma manoma suna kuka da tsadar taki, Kawu ya ce bana rabin gonarsa ta Giwa waken suya zai zuba.

Mu koma. Abin da ke ba ni takaici shi ne kuɗin ba raguwa suke ba. A kasafin 2024 Tinubu ya gabatar da naira tiriliyan 3.25 don tsaro, a na 2025 ya gabatar da tiriliyan 4.91. Na san darajar naira ta faɗi, makamai kuma da dala ake sayo su, wannan gaskiya ne. Amma ai a Maris ɗin 2021 mai ba Buhari shawara kan tsaro, Babagana Monguno, da bakinsa ya faɗa wa BBC Hausa cewa an nemi kuɗin makamai ba a gan su ba, makaman ma ba a gani ba. Da Hausa ya faɗa, mun ji da kunnenmu, kafin ofishinsa ya fito ya ce ba a fahimce shi ba. Sannan a ƙaramin kasafin 2023 aka tsinci naira biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙarƙashin kason sojan ruwa, sai da mutane suka yi ca majalisa ta cire. Ga kuɗin tsaron da gwamnoni ke karɓa, wanda ba a bin kadinsa. Da zarar an rubuta tsaro a kan kuɗi, an yi musu katanga, duk wanda ya leƙa sai a nuna masa kabari a ce ya ji kunya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma fa ana iya yin daidai in an so. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024, an fitar da sunayensu da hotunansu, shugaban ƙasa ya halarci jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta Abuja, ya yi alkawarin gidaje ga iyalansu da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Abin da nake so shi ne ya zama doka ga kowa, har da kurtun da ya faɗi a dajin da babu ɗan jarida. Da ni ɗan majalisa ne, ranar da hafsoshi suka zo kare kasafinsu abu uku kawai zan tambaya: a karanta sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, a nuna min nawa daga cikin iyalansu aka biya haƙƙinsu, a kawo lissafin abin da aka saya da kuɗin bara. In an amsa, in sa hannu a ƙara musu, har fiye da yadda suka nema. Wanda ya yi wannan tambayar shi ne mai ƙaunar soja a wurina, ko daga wace jam'iyya yake.

Nan gida kuwa wata wahalar ta kunno kai. Lokacin da yaron ya cike takardun shiga soja ba shi da aure, sai ya sa yayansa a matsayin magaji, bayan ya yi aure kuma bai canza ba. Yanzu dangin matar sun fara ƙananan maganganu, alhali ba a ga ko sisi ba. Yayan mutumin kirki ne, ka san shi. Ya riga ya faɗa a gaban Liman cewa duk abin da ya fito za a raba yadda shari'a ta ce, kason marainiya kuma a ajiye mata. Shi ke ta zirga-zirga da fayil a leda, takardar shaidar rasuwa, hotuna, takardar banki, wannan ofishi ya tura shi wancan, kowace tafiya kuɗin mota daga aljihunsa, ga shagonsa a kulle. Na haɗa shi da wani tsohon soja a unguwar Jushi da ya san kan takardun, yana taimaka masa tsakani da Allah. Tsohon ya ce masa ya yi haƙuri ya kuma yi kwafin kowace takarda kafin ya miƙa, su ma da suka yi ritaya da ransu sai da wasunsu suka je suka tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja kafin a saurare su.

Mu 'yan majalisar bakin masallaci mun yanke shawarar haɗa kuɗi mu saya wa matar keken ɗinki in ta fita takaba, da ma ta iya. Tela ya ce zai zaɓo mai kyau a kasuwar Sabon Gari, zai kuma riƙa tura mata aikin kayan yara. Na sa sunanka a jerin tun kafin in tambaye ka, don na san abin da za ka ce. Ka turo ta hannun ƙaninka. Amma abin da ya fi kuɗin, ka kira Iya da bakinka. Ba ta da waya yanzu, ka kira wayar yayan bayan La'asar ɗinmu, lokacin tana gida. Ta tambaye ni ko ka ji, na ce zan rubuto maka.

Uwargida tana gaishe da taku, ta ce daddawa da kukar da ta yi alkawari suna nan a ƙulle, mai tafiya kawai ake jira. Yara suna gaida abokansu. In ka tashi zuwa hutu ka faɗa da wuri, kada ka sauka Kano ka maƙale wurin dangi sai ana gobe za ka koma ka leƙo mu. Allah ya jiƙan yaron nan da sauran 'yan uwansa, ya raya abin da suka bari, ya ba ka sa'ar karatu.

Naka har kullum,
Bazazzagi.