Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke jami'a

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Akwai maganar da kunya kan hana uwa yi da ɗanta namiji, wato maganar fyaɗe da cin zarafin mata, amma gara ka ji ta daga bakina da ka tsince ta a majalisar abokai.

Ka lura da yadda fina-finan soyayya da dama, namu da na Indiya da ake fassarawa, suke gina labari. Saurayi zai tare yarinya a hanya ta ce ba ta so, ya bi ta makaranta, ya yi ta sintiri a ƙofar gidansu, ya dame ta da kiran waya, daga ƙarshe a nuna ta sauko tana murmushi. Mai kallo sai ya tashi da tunanin cewa ƙin mace jan aji ne kawai, naci kuwa jarumta ce. Masu fafutukar kare haƙƙin mata sun daɗe suna cewa daga nan raina amincewar mace ke somawa, kuma ko da ba duk maganarsu nake ɗauka ba, a nan gaskiya suka faɗa. Addini ma bai ɗauki ƙin mace da wasa ba, domin da Khansa'u bint Khidam ta kai ƙarar mahaifinta kan ya aurar da ita ba ta so, Manzon Allah (SAW) warware auren ya yi. Idan uba bai isa ya tilasta wa 'yarsa ba, ina ga wanda ba shi da wani iko a kanta?

A farkon 2019 'yan matan Arewa suka fara bayyana abin da aka yi musu a Twitter ƙarƙashin #ArewaMeToo, sai mutane da yawa suka koma tambayar me ta je yi ɗakinsa da wace irin sutura ta sa, har 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu fafutukar a Kaduna. Waɗannan tambayoyi ne suke rufe bakin yarinya, su sa iyaye su ce a bar wa Allah don a rufa asiri, alhali asirin mai laifin ake rufewa. Kada in ji bakinka a cikinsu, ko da wasa ne a WhatsApp.

Akwai dokoki. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadar wa mai fyaɗe hukuncin da kan kai ɗaurin rai da rai, jihar Kaduna kuma a 2020 ta amince da dandaƙe wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Sai dai doka ba ta aiki sai an kai ƙara.

Saboda haka idan wata ta amince da kai ta faɗa maka an ci zarafinta, ka saurare ta, kada ka tuhume ta, kada kuma ka kai labarin gaba ba da izininta ba. Ka nemi wata mace da ta yarda da ita ta raka ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake amfani, kuma ta adana tufafin da ke jikinta ba tare da wanki ba, saboda shaida. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala Muhammad da ke kula da irin waɗannan mata.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka