Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Game da Kullen da Ke Kan Ƙwaƙwalwar Inbatarku

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan wata matsala da ta fara yawaita a teburinmu na gyara. Ana dawo mana da allon inbata lafiyarsa ƙalau, babu abin da ya ƙone, amma idan an ba shi wuta ko fitila ɗaya ba ta kamawa, kuma da mun duba sai mu tarar da ƙwaƙwalwarsa wayam, an share manhajar da ke cikinta gaba ɗaya.

Wannan baƙar ƙwaƙwalwa mai ƙafafu da yawa da ke tsakiyar allon, STM32F051 ce ta kamfanin STMicroelectronics, kuma a cikinta akwai ma'ajiyar filash wadda ke riƙe da manhajarmu da saitin batirinku ko da an ɗauke wuta. Kamfanin ya tanadi matakan kariya uku: a mataki na 0 kowa zai iya karanta abin da ke ciki, a mataki na 1 an hana karantawa daga waje, a mataki na 2 kuwa an rufe ƙofar gwaji, wato hanyar da ake jona na'ura don leƙa cikin ƙwaƙwalwar, har abada. Namu a mataki na 1 suke. Duk wanda ya jona na'urar ST-Link, wadda ke haɗa ƙwaƙwalwar da kwamfuta, ya mayar da ƙwaƙwalwar mataki na 0 domin ya kwafi manhajar, ƙwaƙwalwar da kanta za ta share komai kafin ta buɗe, domin haka aka ƙera ta. Ba ma zargin masu gyara da mugun nufi, yawancinsu neman mafita suke yi wa mai kaya, sai dai abin da aka share ba ya dawowa sai a wurinmu.

Wasu sun tambaye mu dalilin da ya sa ba mu kulle a mataki na 2 mun huta ba. Dalilin shi ne wannan kulle ba ya buɗuwa ko ga mu da muka sa shi, kuma idan matsala ta taso ba za mu iya leƙa cikin ƙwaƙwalwar ta ƙofar gwaji ba, abin da zai iya kai mu ga cire ta da sa sabuwa a kan kuɗinku. Ba za mu ɓoye muku cewa mataki na 1 yana da rauni ba: a 2017 masu bincike na cibiyar Fraunhofer da ke Jamus sun nuna hanyar zagaye shi a irin wannan ƙwaƙwalwa. Mun san da haka, shi ya sa ba ma ajiye wani bayani naku na sirri a ciki.

Game da masu son inbata ta riƙa adana lissafin wuta kowane minti, ga uzurinmu. An kasa filash kashi-kashi da ake kira shafuka, ba a sake rubutu a kansa sai an share shafi guda sukutum, kuma abin da kamfanin STMicroelectronics ya lamunce shi ne sharewa sau 10,000 ga kowane shafi. Da za mu share shafi ɗaya duk minti, da wannan adadi ya ƙare cikin mako guda. Saboda haka muke adana lissafin sau ɗaya a rana, muna jera shi a guraben da babu rubutu, a shafi biyu da ke karɓa-karɓa, ta yadda idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, tsohon bayanin yana nan a ɗaya shafin.

Roƙonmu shi ne idan inbatarku ta samu matsala, mai gyara ya duba fiyus da wayoyi da batir, amma kada ya taɓa ƙananan ramukan gwaji da ke gefen ƙwaƙwalwar. Wanda kuma aka riga aka share masa, ya kawo allon tare da takardar sayayya da bayanin irin batirinsa, za mu sake ɗora manhajar a ranar ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Mun gode da amanar da kuka ba mu.

Naku,
Masu haɗawa da gyaran inbatarku