Wasiƙa zuwa ga aminina a kan Golf GTI da Peugeot 205 GTI

Kaduna.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin Jamus bai takura muku ba. Wasiƙarka ta same ni, kuma sai da na yi dariya ni kaɗai da na ga cewa bayan shekara talatin da ɗoriya, gardamar da muka bari a ɗakinmu na ɗalibai a Ingila, a kan Golf ɗinka da tawa 205, tana nan da ranta. Ka ce an yi maka tayin tsofaffin motoci biyu, Golf GTI ta Volkswagen da Peugeot 205 GTI, wato nau'insu masu ƙarfi da gudu, kana son ka sayi ɗaya don ka riƙa fita da ita a ranakun hutu, kana kuma neman shawarata. To, ga abin da nake gani, ko da yake ka san tun asali inda zuciyata ta karkata.

Dole a ba Volkswagen haƙƙinta, domin ita ta share wannan hanya. An fara nuna Golf GTI a bajekolin motoci na Frankfurt a 1975, aka shiga sayar da ita a 1976, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne ƙaramar motar kai yara makaranta ce aka ɗora wa inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, ga injekta ta kamfanin Bosch a lokacin da yawancin ƙananan motoci kafireta suke amfani da ita. Nauyinta bai wuce kilo 810 ba, saboda haka tana haura kilomita 180 a awa. Kamfanin ya yi niyyar ƙera 5,000 kawai, ya ƙare da ƙera fiye da 460,000 na samfurin farko. Wadda aka yi maka tayi samfuri na biyu ce, wanda ya fito a 1984 da inji mai lita 1.8 da doki 112, ya fi na farko girma da nauyi da natsuwa, kuma shi ne ainihin kishiyar 205.

Ita kuwa 205 a cikin ƙunci aka haife ta. Peugeot ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, ta faɗa cikin asara mai nauyi, kuma wannan ƙaramar mota da ta fito a 1983 ita ta fitar da kamfanin kunya. GTI ɗinta ta biyo baya a 1984 da lita 1.6 da doki 105, daga bisani aka kai shi 115, sannan a ƙarshen 1986 aka fito da mai lita 1.9 da doki 130. Mu da muka tashi a Kaduna muna ganin 504 da 505 suna fitowa daga masana'antar Kakuri, a wurinmu Fijo motar dattawa ce da manyan ma'aikatan gwamnati, shi ya sa ranar da na fara zama a bayan sitiyarin 205 na kasa yarda cewa gida ɗaya suka fito.

A takarda tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, amma a kan titi halinsu ya sha bamban ƙwarai. Golf ɗinka ta wancan lokaci, in ka rufe ƙofarta sai ka ji ta zauna daram, kuma za mu yi tafiyar awa huɗu a babbar hanya mu sauka babu mai ciwon baya. Tawa 205 kuwa, robobin gabanta suna kaɗawa tun daga ƙofar gida, ƙarfen jikinta sirara ne har yatsa yana iya lotsa shi, ga totur mai saurin fushi wanda ke sa ta zabura a cikin cunkoso kamar ɗan maraƙi. Sai dai da zarar an bar gari an shiga ƙananan hanyoyin karkara masu yawan kwana, duk wannan sai mutum ya manta da shi, domin sitiyarin yana gaya wa tafin hannunka duk abin da tayoyin gaba suke takawa, kuma kafin ka gama niyyar juyawa motar ta riga ta juya.

Na san ba ka manta da daren nan na ruwan sama ba, da muka shiga wani shataletale da gudun da ya fi ƙarfin hankalina. Tsoro ya kama ni a tsakiyar kwana, na ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya, nan take bayan motar ya zame ya zagayo, muka tsaya muna fuskantar inda muka fito, kai kana salati, ledar cefanenmu ta kife, lemo yana birgima a ƙarƙashin kujera. Laifina ne, amma halin motar ne kuma: in aka saki totur kwatsam, nauyi yana komawa gaba, bayan da ba shi da nauyi sai ya saki ƙasa. Gwanaye da wannan hali suke wasa, su karkata ta yadda suke so. Golf ba ta yin haka da sauƙi. In ka matsa mata, hancinta ne yake buɗewa waje a hankali, ta ba ka lokacin gyara kuskurenka.

Kada kuma ka bari mai sayarwa ya ruɗe ka da tarihin tsere. Gaskiya ne 205 Turbo 16 ta ci gasar duniya ta tseren daji a 1985 da 1986, ta kuma ci tseren Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, wanda a lokacin yake ratsa hamadar Tenere da Agadas a Nijar. Amma waccan injinta a tsakiya yake, tayoyinta huɗu duka suna ja, kusan suna da kamanni kawai suka haɗa ta da wadda za ka saya.

In da mota ɗaya za ka mallaka, ka riƙa zuwa aiki da ita kullum, da Golf zan ce ka ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba, musamman da yake kana ƙasar da aka ƙera ta, kayan gyaranta ba za su yi maka wuya ba. Amma kai ka ce ta ranar hutu kake nema, kuma kana da wata motar ta iyali, don haka ni 205 nake ba ka shawara, kuma in da zaɓi, mai lita 1.6, domin giyarta gajeru ne, injinta ya fi son a ja shi, sitiyarinta kuma bai kai na 1.9 nauyi ba. Kafin ka biya ko sisi, ka tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya da kyau. In ka ga samansu ya karkata ciki, to boris ɗin ƙarfen da ke riƙe su ya ci, kuma gyaran ba na kuɗi kaɗan ba ne. Ka je da bakanike ya ɗaga ta ya duba tsatsa da alamun tsohon haɗari, domin kaɗan ne daga cikinsu suka kai yau ba su taɓa sumbatar shinge ba.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. In cinikin ya faɗa, ka aiko mini da hotonta, kuma ranar da ake ruwa ka bar ta a gareji.

Naka amini har kullum.