Lissafi ba na allo ba ne kawai

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Ɗalibi ya tambayi amfanin x da y, sai a ce masa ya dai haddace. Wannan amsa tana kashe wa yara gwiwa.

Aljabara fa, wato lissafin da ake yi da haruffa irin su x da y, daga buƙatar mutane ta taso. Sunanta ma ya fito ne daga littafin da masanin lissafi Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kaso mai yawa na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Jometiri kuwa, wato lissafin siffofi da kusurwoyi, dubi magini: ya auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, in tsakaninsu ya ba da 5, kusurwar gini ta daidaita. Ƙididdiga ce ke nuna ko sabon magani yana aiki. Da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, ake lissafa tafiyar tauraron ɗan'adam.

Ina roƙon malamai su riƙa fara darasi da irin waɗannan misalai, jaridarka kuma ta ware wa lissafi shafi, ko da sau ɗaya ne a wata.

Naka,
Wani malamin lissafi