Kwandon shara ba ya rage roba a jami'a

Ranka ya daɗe Edita,

Shirinku na makon jiya ya ɓata mini rai. Tun daga farko baƙonku yake yabon kwandunan shara masu launi-launi da aka jera a harabar jami'a, amma babu wanda ya tambaye shi ina robar take zuwa bayan an kwashe. Rahoton ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, na 2022 ya ce kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa.

Ku juya gorar ruwa ku dubi gindinta, akwai lamba mai nuna nau'in robar. Lamba 1 da lamba 2 su ne masu sarrafawa suka fi nema. Lamba 6, wato farin mazubin abincin nan mai kama da soso, da wuya a sami mai karɓarsa, balle in ya sha maiƙo. Kofin takarda da baƙon ya ce a koma masa, an shafe cikinsa da roba. Robar PLA kuwa, wadda ake yi daga tsirrai, da ake tallatawa wai tana ruɓewa, sai a wurin haɗa taki mai zafin digiri 58 ko kusa da haka, kuma in ta faɗa cikin gorunan lamba 1 ta ɓata su.

Aikin rage roba yana wurin famfo. A kafa wurin cika gora a ƙofar ɗakunan lacca, laburare da ɗakunan kwanan ɗalibai, bakin famfon da tsayin da gorar lita ɗaya za ta tsaya a ƙarƙashinsa. A riƙa sauya matata aƙalla duk wata 6, a rubuta ranar a jikin na'urar kowa ya gani. A nan ake faɗuwa: a ware kuɗin saye, a manta da na gyara, matata ta toshe, ruwa ya dinga ɗiga yana wari, ɗalibi ya koma sayen na gora. Kuma kada a kuskura a hana sayar da ruwan gora kafin famfunan su fara aiki, don lemon gora za a koma sha.

Masu kantin abinci kuma, a sa sharaɗin cikin kwangilarsu: mazubi mai wankuwa, ɗalibi ya ajiye jingina, in ya dawo da shi a mayar masa da kuɗinsa. Da irin wannan tsarin Jamus take dawo da fiye da kashi 90 na gorunanta. Sai dai dole a tanadi injin wanki mai ɗauraya da ruwan digiri 82, da wurin shanya, domin mazubin da aka jibge da danshi hunhuna yake yi.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin muryar masu magana. Rabin amsoshin ɗaliban da kuka zanta da su ba a ji ba.

Naku,
Mai sauraronku a kullum